Filin Tambayoyin Masu Karatu: Canjin Giyar Aksil na Baya da Difarenshal Mai Taƙaita Santsi

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo yawancinsu sun taru ne a kan aksil na baya na tsofaffin motoci, irin waɗanda masu su ke tattalinsu suna gyarawa saboda ƙauna. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su yadda kowa zai ga abin da aka tambaya, sannan muka jera su bisa yadda aikin kansa yake tafiya, daga zaɓen giya har zuwa abin da ke biyo bayan ɗaura ta.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da Chevrolet Chevelle ƙirar 1969, mai aksil ɗin nan da murfinsa ke da notuna 12, da giyabos otomatik TH350 mai giya uku. Reshiyon da ke ciki 3.07 ne, kuma motar tana da nauyin tashi. Wasu abokaina sun ce in sa 4.10, wasu kuma sun ce 3.73. Tsayin tayoyina inci 26 ne, kuma ina yawan yin doguwar tafiya da ita. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Barka kadai, Malam. Kafin a zaɓi lamba ya kamata a san abin da lambar take nufi, domin da yawa daga masu ba da irin wannan shawara sun haddace lambobin ne kawai, ba su taɓa zama sun yi lissafinsu ba. A cikin aksil akwai giya biyu da ke cizon juna: ƙarama wadda farfela ke juyawa, ita ce finiyon, da babba mai siffar zobe, ita ce kurawun. Idan aka raba yawan haƙoran kurawun da yawan haƙoran finiyon, abin da ya fito shi ne reshiyo. Kurawun mai haƙora 41 da finiyon mai 11 suna ba da 3.73, ma'ana sai farfela ta juya sau 3.73 kafin taya ta juya sau ɗaya, idan kuwa finiyon mai haƙora 10 ne a kan kurawun mai 41, an sami 4.10. Duk lokacin da lambar ta hau, ƙarfin murɗawa da ke isa taya yana hawa daidai gwargwado, sai dai dole inji ya ƙara yawan juyi kafin ya ci tazarar da yake ci a da. Shi injin bai ƙaru da komai ba, rabon ƙarfinsa tsakanin tashi da gudu ne aka sauya.

Lissafin yana da sauƙi tunda giyarka ta uku ɗaya bisa ɗaya ce. Ka ɗauki gudun mota a kilomita cikin awa, ka ninka da reshiyo, ka ninka da 209, sannan ka raba da tsayin taya a inci, abin da ya fito shi ne juyin inji a minti ɗaya. Da tayarka mai inci 26, a gudun kilomita 100, reshiyon 3.07 yana sa inji juyi kusan 2,470. Da 3.55 zai kai kusan 2,850, da 3.73 kusan 3,000, da 4.10 kuwa kusan 3,300. A kan wannan sai ka ƙara ɗan abin da kwanbatar giyabos, wato na'urar da ke haɗa inji da giyabos otomatik ta hanyar mai, ke zamewa, tunda irin naka ba ya kulle ta. Idan ka kai gudun kilomita 120 da 4.10, injin yana dab da juyi 4,000, kuma a haka zai yi ta tafiya awa bayan awa, yana shan mai, yana ɗaukar zafi, ƙararsa ta cika maka kunne.

Saboda haka ni ban ga dalilin 4.10 a motar da ake doguwar tafiya da ita ba, kuma ina faɗin haka ba tare da kewaye-kewaye ba. Gaskiya ne zai ƙara maka kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin tashi, kuma a makon farko za ka ji daɗin abin ƙwarai, amma motar za ta koma ta gajeren zango, kuma motar da mai ita ya daina fita da ita lalacewa take yi a ajiye. Reshiyon 3.55 yana ƙara kusan kashi 16 cikin ɗari, wanda direba yana jinsa a jikinsa daga taɓa totur, 3.73 kuma yana ƙara kusan kashi 21. Da 3.55 zan tsaya idan giyabos ɗin zai zauna yadda yake, 3.73 kuwa shi ne iyakar abin da zan yarda da shi.

Akwai kuma wani dalili na ƙarfe. A wannan aksil na General Motors, kejin difarenshal (na'urar da ke raba wa tayoyin baya biyu juyi) da kurawun ke ɗaure a jikinsa ba iri ɗaya ba ne ga kowane reshiyo. Kejin da ke ɗaukar 3.07 yana ɗaukar har zuwa 3.73, amma 4.10 yana bukatar wani keji dabam, ko kurawun mai kauri da aka ƙera musamman domin cike gibin, saboda finiyon yana ƙanƙancewa yayin da lamba ke hawa, dole kurawun ya matso ya same shi. Ana sayar da wani zoben ƙarfe da ake sawa a bayan kurawun don wannan gibi, amma ban so shi ba, domin yana ƙara wa notuna wahala a wurin da bai kamata a yi wasa da shi ba.

Wata hanya da ba a cika ambata ba ita ce a bar aksil a taɓa giyabos. Giyar farko ta TH350 2.52 ce, ta 700R4 mai giya huɗu, wanda ya fito a 1982, 3.06 ce. Ka ninka 2.52 da 3.73, za ka sami 9.4, ka ninka 3.06 da 3.07, nan ma 9.4 za ka samu. Wato canjin giyabos kaɗai zai ba ka irin tashin da kake nema, ga kuma giya ta huɗu mai 0.70 da ke sauke juyin inji a babbar hanya. Idan ka haɗa biyun, 700R4 da 3.73, a gudun kilomita 100 injin zai zauna a kusan 2,100, ƙasa da inda yake yanzu, tashin kuma ya fi na 4.10. Aikin ya fi yawa, ya fi kuma cin kuɗi, amma ga mai doguwar tafiya shi ne gyaran da ba a komawa a warware. Kuma ba kowane canji ne na hawa ba: motar Birtaniya MGB mai silinda huɗu tana da kusan 3.9, amma da kamfanin ya sa mata injin V8 sai ya sauko da ita 3.07, domin inji mai yalwar ƙarfi a ƙananan juyi ba ya bukatar a yi ta wujijjiga shi.

Tambaya: Malam, na sayi Ford Mustang ƙirar 1967, wanda ya sayar mini ya ce aksil ɗin mai inci 9 ne kuma yana da difarenshal mai taƙaita santsi. Ta yaya zan tabbatar ba tare da na kwance shi ba?

Amsa: Ka fara da duba notunan da ke riƙe da tukunyar giya ta gaban aksil. Mai inci 8 da mai inci 9 (faɗin kurawun ake nufi) duka tukunyarsu tana fita ta gaba gaba ɗayanta, kuma sun yi kama a ido, amma a mai inci 9 notunan nan biyu na can ƙasa soket ba ya shiga kansu kai tsaye, sai da sufana mai buɗaɗɗen baki, a mai inci 8 kuwa soket yana kama dukansu. Idan ɗan allon ƙarfe na kamfani yana nan a jikin ɗaya daga notunan, ka goge shi ka karanta. Ford yana sa harafin L a tsakiyar lambar idan difarenshal mai taƙaita santsi ne, wato wanda ke hana taya ɗaya ƙuga ita kaɗai, misali 3L25 a maimakon 3.25. Sai dai motar da ta haura shekara hamsin ta bi ta hannu da yawa, allon yana faɗin abin da kamfani ya sa ne, ba lallai abin da ke ciki yau ba.

Gwajin da ya fi tabbas shi ne ka datse tayoyin gaba, ka ɗaga bayan motar ka ɗora ta a kan matokaran ƙarfe masu ƙarfi, kada ka dogara da jak kaɗai, ka sa giya a firi, ka saki birkin hannu, sannan ka juya taya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta gefe guda, akwai mai taƙaita santsi irin na faranti kuma yana da sauran rai. Idan ta juya baya ko ta tsaya cik farfela na juyawa, ko dai buɗaɗɗen difarenshal ne, wato na gama-gari marar taƙaita santsi, ko farantan sun cinye ƙarƙaf, ko kuma irin mai murɗaɗɗun giya ne, wanda shi a sama ba ya nuna halinsa.

Don sanin reshiyo, ka yi alama da alli a jikin farfela da jikin taya. Idan tayoyin biyu suna tafiya tare, ka juya su zagaye ɗaya cikakke kana ƙirga juyin farfela. Idan buɗaɗɗe ne, ka sauke taya ɗaya ƙasa, ka juya ɗayar zagaye biyu cikakku, abin da farfela ta yi shi ne reshiyon: uku da rabi 3.50 ne, huɗu da ɗan ɗoriya 4.11. In ya tabbata mai inci 9 ne ka yi dace, domin Ford ya ƙera shi daga 1957 zuwa 1986, kayansa suna da yawa, finiyonsa yana da boris na uku da ke tallafe hancinsa, kuma keji ɗaya yana ɗaukar kusan kowane reshiyo. Abin da za ka ƙirga kafin ka sayi difarenshal shi ne tsage-tsagen bakin shaf ɗin taya, ko 28 ne ko 31, domin ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifina ya bar mini tsohuwar mota mai injin V8, ina kuma son in ci gaba da hawanta. Duk sanda na tashi da ƙarfi tayar baya ta dama kaɗai ke ƙuga tana hayaƙi. Makaniki ya kawo mini sunaye barkatai, ya ce in zaɓa, har ya ce idan ina son araha zai yi wa giyar ciki walda. Ina neman shawararka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya jiƙan mahaifi. Abin da kike gani halin buɗaɗɗen difarenshal ne, ba lalacewa ba ce. An yi difarenshal ne domin a kwana tayar waje tana cin tazara fiye da ta ciki, dole a bar kowace ta yi gudunta. Buɗaɗɗe yana yin wannan aiki da kyau, amma yana raba ƙarfin murɗawa daidai wa daida tsakanin tayoyin biyu a kowane lokaci, don haka idan ɗaya ta rasa kamun ƙasa, abin da za ta iya ɗauka shi ne iyakar abin da ɗayar ma za ta samu. Kamar ma'auni ne mai kwano biyu, ba ya yarda a ɗora wa ɗaya fiye da ɗan'uwansa. Dalilin da ya sa ta dama ce ke fara ƙuga shi ne murɗawar farfela tana ɗan ɗage gefen dama na aksil yayin tashi, sai nauyin da ke kan wannan taya ya ragu.

Matsalar daɗaɗɗiya ce. A 1935 kamfanin ZF na Jamus ya ƙera wa motocin tsere na Auto Union difarenshal mai taƙaita santsi bisa bukatar Ferdinand Porsche, a tsakiyar shekarun 1950 kuma abin ya shiga motocin kasuwa a Amurka. Sunayen da makaniki ya kawo miki yawancinsu na kamfanoni ne: Studebaker da Packard suna cewa Twin Traction, Chevrolet Positraction, Pontiac Safe-T-Track, Chrysler Sure-Grip, Ford kuma Traction-Lok. Idan aka tuɓe sunayen, iri uku ne suka shafe ki.

Na farko shi ne mai faranti, wanda ke da jerin faifan kuloci a bayan giyar kowane gefe, da sifirin da ke matse su. Amfaninsa shi ne yana riƙe tayoyin biyu tun kafin ɗaya ta fara zamewa, ana iya sabunta farantansa idan sun cinye, kuma shi ne irin da akasarin motocin wancan zamani suka fito da shi, don haka mai son mota ta zauna a kan asalinta shi zai nema. Na biyu mai mazurari ne, inda ƙarfe mai siffar mazurari ke cusuwa cikin keji ya kama, yana aiki lafiya, amma idan ya cinye yawanci sai dai a sauya shi gaba ɗaya. Na uku shi ne mai murɗaɗɗun giya, irin su Torsen, wanda Vernon Gleasman ya ƙirƙira, da Truetrac da Quaife. Wannan ba shi da faranti, gogayyar haƙoransa da jikin keji ce ke tura wa tayar da ta fi kamun ƙasa ninki biyu zuwa uku na abin da mai santsi ke ɗauka. Ba ya kakkarwa a kwana, ba ya bukatar a buɗe shi don sauya faranti. Rauninsa guda shi ne ninkawa yake yi, idan taya ɗaya ta tashi sama gaba ɗaya babu abin da zai ninka, sai ya koma kamar buɗaɗɗe. A motar kwalta wannan ba ya cika faruwa, shi ya sa ga irin amfaninki shi nake fifitawa.

Batun walda kuwa, ina roƙonki kada ki yarda. Difarenshal da aka yi wa walda ya daina zama difarenshal, tayoyin biyu za su riƙa juyi ɗaya dole, a kowace kwana ɗaya sai ta ja ƙasa, shaf yana murɗuwa yana saki har ranar da zai karye. A aksil da dama na Chevrolet ɗan makullin ƙarfe mai siffar harafin C ne kaɗai ke riƙe shaf daga ciki, idan shaf ya karye taya na iya zarewa ta fita da ganga da komai, mota na tafe. Akwai kuma mai kullewa da kansa, irin Detroit Locker, mai ƙarfi ne ƙwarai, amma yana yin ƙara yana fizga a kwana, gurbinsa filin tsere ne da hanyar daji.

Dole kuma in ja hankalinki kan abu ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa. Da buɗaɗɗe, yayin da taya ɗaya ke ƙuga, ɗayar tana riƙe da bayan mota kada ya goce. Da mai taƙaita santsi tayoyin biyu na iya sakin ƙasa tare, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta, sai bayan motar ya zame gefe. Ki koyi sabon halinta a hankali a fili marar cunkoso. Ki tabbata tayoyin baya girmansu ɗaya kuma iskarsu ɗaya, sannan kada a taɓa ɗaga taya ɗaya a sa giya inji na aiki, domin wadda ke ƙasa za ta tura motar ta sauko daga kan jak.

Tambaya: Malam, ina taɓa gyaran motata da kaina, na sauya kuloci na kuma yi aikin birki. Zan iya ɗaura sabon kurawun da finiyon a gida?

Amsa: Za ka iya, Malam, idan ka yarda cewa wannan aikin awo ne, ba aikin kwancewa da ɗaurewa ba. Kuloci da birki kowane yana da gurbin da zai zauna, ya zauna an gama. Kurawun da finiyon kuwa kai ne za ka nema musu mazauni da siraran washa, kuma kuskuren da bai kai kaurin takarda biyu ba ya isa ya sa su kuka har ƙarshen rayuwarsu. Idan ba ka da agogon awo mai maganaɗisu, da maikuromita, da sufanar awon ɗauri babba, da ƙarama mai allura da ke auna inci-fam, da hanyar matse boris a cire shi, to ka kai wa wanda yake da su, kuma ka tambaye shi ya nuna maka su kafin ka bar masa motar.

Abubuwa huɗu ake daidaitawa, kuma kowane yana taɓa ɗan'uwansa. Na farko zurfin finiyon, wato nisan da ya shiga zuwa tsakiyar kurawun, kuma wuri mafi kyau na farawa shi ne kaurin washar da ka tarar a tsohon finiyon. Na biyu matsin boris ɗin finiyon, wanda a aksil da yawa wani ɗan bututu ne da ke lotsewa yayin ɗaure noti yake samar da shi. Ana auna shi da ƙarfin da ake bukata don finiyon ya ci gaba da juyawa shi kaɗai, kuma ɗan kaɗan ne, yawanci bai wuce nuton-mita biyu ko uku ba a sababbin boris. Ka riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan kana aunawa, idan ka zarce kada ka sassauta notin ka ce ka gyara, bututun ya riga ya lotse, sai dai sabo. Na uku ratar da ke tsakanin haƙora, wadda ake aunawa da agogon awo a wuri uku ko huɗu kewayen kurawun, kuma a yawancin giyar kwalta tana tsakanin milimita 0.15 da 0.25, amma lambar da maƙerin giyar ya rubuta ita ce abin bi. Na huɗu matsin boris ɗin keji. A Ford mai inci 9 da Chrysler mai inci 8.75 zobba masu zare ake juyawa, abin da sauƙi, a na General Motors da na kamfanin Dana kuwa washa ake sauyawa, a cire a mayar har a dace.

Alƙalin duk wannan shi ne sawun haƙora. Ka shafa rawayan fenti na musamman a haƙora uku ko huɗu, gaba da baya, ka danne kurawun da tsumma ko katako domin ya yi nauyi, sannan ka juya finiyon gaba da baya. Inda fentin ya goge nan ne haƙora ke haɗuwa. Ana son sawun ya zauna a tsakiya tsakanin kan haƙori da gindinsa, mai taushin gefe. Idan ya hau can sama, finiyon bai shiga sosai ba, idan ya nutse gindi ya yi kaifin layi, ya shige da yawa. A nan akwai tarko ga mai Ford inci 9: a yawancin aksil ƙara kaurin washa yana tura finiyon ciki, amma a wannan washar tana tsakanin mariƙin finiyon da tukunya, don haka ƙara ta fito da shi waje take yi. Duk sanda ka taɓa zurfi, ratar haƙora ta sauya, sai ka sake auna ta kafin ka sake shafa fenti. Kada ka ji haushin kwancewa da mayarwa sau da yawa, haka aikin yake ko a hannun gwanaye, shi ya sa suke goge cikin tsohon boris har ya riƙa shiga da hannu, su yi gwaji da shi, sai an dace sannan a matse sabon.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ke ɓata babban aiki. Kurawun da finiyon tare aka goge su a masana'anta, ba a haɗa na wannan da na wancan. Murafun boris ɗin keji ka yi musu alama kafin ka cire, kowane ya koma gefensa da fuskarsa. Notunan kurawun a wasu aksil zarensu na hagu ne, ka duba kafin ka sa ƙarfi, ka sa sababbi da gam ɗin zare, ka ɗaure su a gicciye. Idan kuma tsohuwar giya za ka mayar bayan sa sabon difarenshal kawai, ka auna ratarta kafin ka kwance, ka mayar da ita daidai wurin da ta saba.

Tambaya: Malam, mako biyu da aka sa mini sabuwar giya da difarenshal mai faranti. Ina jin kuka siriri idan na ɗaga ƙafa daga totur, kuma bayan motar yana kakkarwa idan ina kwana a hankali. An cuce ni ne?

Amsa: Matsala biyu ce dabam-dabam, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai bukatar gaggawa. Kakkarwar kwana farantai ne ke kamawa suna saki maimakon su zame sumul, kuma kusan kullum dalilinta rashin sinadarin daidaita gogayya ne a cikin mai. Wannan giya tana bukatar man giya mai lambar GL-5, irin 80W-90, domin finiyon yana zaune ƙasa da tsakiyar kurawun, haƙoransu suna gogar juna a ƙarƙashin matsi mai tsanani, mai faranti kuma yana bukatar ƙarin wannan sinadari, kimanin mililita 120 a yawancin aksil. A zuba shi, ka sami fili ka yi ta zagaye hagu da dama a hankali kamar sau goma domin man ya ratsa farantan. Mai murɗaɗɗun giya ba ya bukatarsa.

Kukan shi ne abin damuwa. Kukan da ke zuwa idan an ɗaga ƙafa yawanci yana nuna matsin boris ɗin finiyon ya yi sako-sako, wanda ke zuwa yayin taka totur kuma ya fi nuna zurfi ko rata ba su daidaitu ba. Gurnani mai kauri da ke sauyawa idan ka karkata sitiyari hagu ko dama, wannan boris ɗin taya ne. Ba zan ce an cuce ka ba, amma ka koma yau, kada ka bari wani ya ce maka zai daina da kansa, domin haƙora suna cin juna bisa sawun da aka ba su, idan suka saba da karkataccen sawu ko an gyara daga baya kukan ba ya tafiya. A buɗe murfi, a auna rata, a shafa fenti a gabanka.

Ina fata kuma an gaya maka yadda ake horar da sabuwar giya. Tafiyar farko kada ta wuce kilomita 25 zuwa 30, a tsaya aksil ya huce sarai, a maimaita haka 'yan lokuta, domin sababbin haƙora suna haifar da zafin da ke iya ƙona mai. A kilomita 800 na farko ba a jan tirela, ba a fizgar mota, bayan nan a zubar da man a sa sabo. Toka-tokan laka mai laushi a jikin maganaɗisu ba komai ba ce, ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji shi ne alamar ɓarna.

Tambaya: Malam, tun da na sauya daga 3.00 zuwa 3.50 a Ford ɗina, maleji yake nuna gudun da ban kai ba. Ya lalace ne?

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. A tsofaffin motoci maleji yana karɓar juyinsa ne daga wutsiyar giyabos, wato juyin farfela yake ƙirgawa, ba na taya ba. Yanzu farfela tana juyi fiye da da da kusan kashi 17 cikin ɗari, don haka idan kana gudun kilomita 100 zai nuna kusan 117, kuma lambar tazarar da mota ta ci ma tana hawa da wannan ƙari. Maganin wata 'yar giyar roba ce a bakin wayar maleji inda ta shiga giyabos. Ka zare ta ka ƙirga haƙoranta, ka ninka da sabon reshiyo, ka raba da tsohon: idan mai 18 ce, 18 sau 3.50 a raba da 3.00 ya ba da 21, sai ka nemi mai haƙora 21 da ta dace da irin giyabos ɗinka. Idan lissafin ya wuce girman da ake samu, sai a sauya giyar da ke juya ta daga ciki, ko a sa ɗan akwatin daidaitawa a tsakanin waya da giyabos. Bayan an gama ka gwada shi da manhajar auna gudu ta wayar hannu a miƙaƙƙiyar hanya, wani yana riƙe da wayar kai kana tuƙi.